Wa Ya Biya Kuɗin Littafin? Tarihin Samu da Rashi na Hukumomin Talifin Hausa a Zariya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara nazarin adabin Hausa na zamani yakan haddace sunayen hukumomi da shekarunsu: Hukumar Fassara a 1929, Hukumar Talifi a 1933, Kamfanin Gaskiya a 1945, Hukumar NORLA a 1953, sai Kamfanin NNPC a 1966. Yakan kuma haddace littattafan da kowace ta fitar, domin su ne ake tambaya a jarrabawa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne dalilin da ya sa sunayen suke ta sauyawa. Aiki ɗaya ne, manufa ɗaya ce, kusan duk a gari ɗaya aka yi shi, wato Zariya, amma ya ɗauki suna biyar cikin shekara 37. Idan aka bi diddigi, za a tarar cewa galibin waɗannan sauye-sauye sun biyo bayan tambaya ɗaya ce: wa zai ɗauki ɗawainiyar aikin?

Wannan takarda za ta duba tarihin waɗannan hukumomi ta fuskar asusunsu. An kafa su ne don a samar wa masu jin Hausa abin karantawa, riba kuwa ba ta cikin manufarsu ta farko. Duk da haka takarda da tawada da albashi ba sa samuwa kyauta. Za a ga inda kuɗi ya riƙa fitowa a kowane zamani, da abin da ya faru duk lokacin da wannan kafa ta toshe. A ƙarshe za a dubi wata ƙaramar ƙungiyar marubuta ta Kano wadda ta gwada yin aikin ba tare da tallafin kowa ba.

2.0 Yadda Ake Auna Lafiyar Asusun Hukumar Talifi

Kafin a shiga tarihi, ya kamata ɗalibi ya san kuɗin da ake kashewa a zamanin. Kafin naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, fam da sule da kwabo ake amfani da su a Nijeriya. Kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya. Taro kwabo 3 ne, sisi kwabo 6.

Hukumar da ke buga littattafai tana iya samun kuɗi ta kafa huɗu. Ta farko tallafi, daga gwamnati ko wani mai taimako. Ta biyu cinikin littattafan kansu. Ta uku aikin ɗab'i na kasuwa, kamar buga rasit da fom da rajistar makaranta ga masu biya. Ta huɗu kuwa aljihun marubuta da 'yan ƙungiya. Hukumar da ta tsaya da ƙafa ɗaya daga cikin waɗannan tana cikin haɗari ko da asusunta a cike yake, domin ranar da ƙafar ta karye babu abin da zai tare ta.

Akwai kuma wani tarko da ke cikin sana'ar ɗab'i kanta. A ƙaddara shirya wani littafi, wato gyara shi da jera baƙaƙensa da zana hotunansa, ya ci fam 100, kuma takarda da tawadar kowane kwafi suna cin sule ɗaya. In an buga kwafi 1,000, kowane ya tashi a kan sule 3, jimlar abin da aka kashe fam 150. In an buga kwafi 10,000, kowane bai kai sule ɗaya da taro ba, amma abin da aka kashe ya zama fam 600. Mai son talaka ya sayi littafi da araha dole ya karkata ga buga mai yawa. To, in aka sa wa littafin farashin sule ɗaya da sisi, sa'an nan kwafi 2,000 kaɗai suka shiga, fam 150 ne ya dawo. Sauran fam 450 yana kwance a sito, gara da damina suna jiran sa. A takardar lissafi waɗannan littattafai dukiya ce, amma ba a biyan albashi da su. Wannan misali ne kawai, sai dai shi ne ciwon da za a yi ta cin karo da shi a tarihin da ke tafe.

3.0 Hukumar Fassara da Hukumar Talifi, 1929 zuwa 1945

Hukumar Fassara ta fara aiki a Kano a 1929 a ƙarƙashin Sashen Ilmi na gwamnatin mulkin mallaka, daga baya aka mayar da ita Zariya, inda Dokta Rupert East ya karɓi jagorancinta. Aikinta shi ne samar wa makarantun boko littattafan karatu, ta hanyar fassara daga Larabci da Turanci. Daga cikin ayyukanta akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Labaru Na Da Da Na Yanzu.

An haife ta a mugun lokaci. A shekarar 1929 ɗin ce tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, kuɗin shiga na gwamnati ya ragu, aka shiga rage ma'aikata da tsuke bakin aljihu. Abin da ya cece ta shi ne ƙanƙantarta. Ba ta da injin ɗab'i, ba ta da motoci, ma'aikatanta ba su taka kara sun karya ba, albashinsu kuma yana cikin kasafin Sashen Ilmi. Littattafanta a wasu maɗaba'u ake buga su, kuma manyan masu saye su ne makarantu, waɗanda baitulmalin En'e-En'e ke ɗaukar nauyinsu. Wato kuɗin haraji ne ke fita daga wannan aljihu ya koma wancan.

A 1933 aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi, aka kuma shirya gasar ƙaga labari. Daga wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida da East suka rubuta tare. A nan akwai wani tallafi ɓoyayye da ya kamata a lura da shi. Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, Bello Kagara malami ne a Kwalejin Katsina, Tafawa Ɓalewa malami ne a Makarantar Midil ta Bauchi. Dukkansu suna da albashi, ba wanda ya dogara da littafinsa don cefane. Haka ma lokacin da ake son a rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, aro Imam aka yi daga makarantarsa ya zo Zariya ya zauna ya rubuta. Da hukumar za ta biya waɗannan mutane abin da aikinsu ya cancanta daga cinikin littafi, da ba ta iya ba.

A watan Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a watan Satumba na wannan shekara, gwamnati ta ƙara ganin amfanin jaridar, domin tana bukatar sojoji da gyaɗa da kuza daga Arewa, tana kuma bukatar hanyar yi wa jama'a bayani. Yaƙi ya kawo ƙarancin takarda, amma ya sa gwamnati ba ta ƙyashin kashe kuɗi a kan jaridar. Ke nan a wannan zamani asusun hukumar lafiya lau yake, sai dai lafiyar ta aro ce: tana nan ne muddin gwamnati na da bukata.

4.0 Kamfanin Gaskiya, daga 1945

Yaƙin ya sauya tunanin Ingila game da ƙasashen da take mulka. A 1940 majalisarta ta yi dokar raya ƙasashen mulkin mallaka da kyautata jin daɗin jama'arsu, wadda ta ware fam miliyan 5 a kowace shekara. A 1945 aka sabunta dokar, aka ware fam miliyan 120 na tsawon shekara goma. A tsakanin nan, a 1943, Abubakar Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe, ya kuma gana da Lugga, tsohon gwamna. Maganar Arewa da ƙarancin abin karatu a cikinta ta shiga kunnen manya. A 1945, zamanin Gwamna Arthur Richards, aka kafa Kamfanin Gaskiya da kuɗin wannan asusu na raya ƙasa, aka gina masa mazauni a Tukur-Tukur, Zariya, da injunan ɗab'i nasa na kansa.

Daga nan lissafi ya sake. Hukumar da a da ba ta da komai sai tebura da 'yan ma'aikata, yanzu ta mallaki gine-gine da injuna da gidajen ma'aikata, ta ɗauki masu jera baƙaƙe da masu ɗinkin littafi da akawuna. Waɗannan duka suna cin kuɗi kowane wata, ko an sayar da littafi ko ba a sayar ba. An kuma sa ran kamfanin zai riƙe kansa. Don haka ya buɗe ƙofa ta uku, wato aikin ɗab'i na kasuwa, yana yi wa gwamnati da En'e-En'e bugu, a 1948 kuma ya fito da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Matsalar da ke gaban kamfanin ita ce ƙarancin masu saye. Ƙidayar 1952 ta nuna mutanen Jihar Arewa sun kusa miliyan 17, amma masu iya karatun boko ba su wuce kimanin 2 cikin 100 ba. Masu karatun ajami sun fi su yawa, sai dai yawancin littattafan kamfanin da boko aka buga su. Cikin masu karatun bokon ma, da yawa yara ne 'yan makaranta da ba su da kuɗin kansu. Ga shi kuma babu kantunan littattafai a yawancin garuruwa. Inji mai iya buga dubbai a yini guda ya sami kansa a ƙasar da littafi ke yin watanni kafin ya isa hannun mai karatu. A irin wannan hali aikin da ke kawo kuɗi nan take, kamar fom da rasit, yakan ture aikin da aka kafa gidan dominsa, domin shi ke biyan albashi. East ya bar aikin a farkon shekarun 1950, a daidai lokacin da 'yan siyasar Arewa suka fara karɓar ragamar mulki.

Ba Arewacin Nijeriya kaɗai ke cikin wannan gwaji ba. A 1948 aka kafa hukumar talifi ta Afirka ta Gabas, wadda ta yi wa Swahili da wasu harsuna irin wannan aiki a Kenya da Uganda da Tanganyika. A 1951 aka kafa wata a ƙasar da ta zama Gana. Duk da kuɗin gwamnati aka kafa su, duk kuma sun fuskanci tambayar da Zariya ta fuskanta.

5.0 Hukumar NORLA, 1953 zuwa 1959

Maganin ƙarancin masu karatu shi ne a koyar da mutane karatu. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye, Alhaji Ahmadu Kumasi yana cikin jagororin aikin. Wanda ya koyi karatu yana bukatar abin da zai karanta, in ba haka ba karatun ya zube. Saboda haka aka kafa Hukumar NORLA a 1953, ta kama aiki sosai a 1954, ita ke shirya littattafai da rarraba su, Kamfanin Gaskiya yana buga mata. Baturen nan Neil Skinner, wanda daga baya ya koyar da Hausa a Amurka, yana cikin waɗanda suka yi aiki a cikinta.

Babu wani zamani kafin wannan da aka buga abin karatun Hausa da yawa haka. Hukumar ta fitar da ƙananan littattafai kan noma da kiwon lafiya da sana'o'i da addini da tarihi, da waƙoƙi da labarai, wasu da boko wasu da ajami. Ta kuma buɗe wa larduna jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauchi, Gamzaki a Filato, Albishir a Barno, Arɗo a Adamawa. Ba Hausa kaɗai ta yi wa aiki ba, har da Fulatanci da Barbarci da Tibi da Nufanci. Don a kai kaya ga jama'a, ta sa motocin sayar da littattafai da 'yan talla suna bin kasuwanni.

Idan aka koma kan misalin da aka bayar a sashe na biyu, za a gane inda asusun ya fara yoyo. Kowace jarida da kowane harshe suna da nasu kuɗin shiryawa, masu karatun wasunsu kuwa kaɗan ne. Farashi dole ya kasance ƙasa ƙasa, tun da talakan da ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci ake nufi. Kai littafin taro ko sisi ƙauye mai nisa a mota, a kan hanyar da ba kwalta, yana iya cin fiye da kuɗin littafin. Mai talla yana da la'adarsa, kuma kayan da aka bayar bashi ba duka kuɗinsu ke dawowa ba. Abin da ke shigowa bai kama ƙafar abin da ke fita ba, gwamnati ce ke cike giɓin. A 1959, shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta, aka rufe hukumar, aka mayar da kayanta da aikinta ga Kamfanin Gaskiya.

Ana iya kallon wannan rufewa ta fuska biyu. Mai kallon takardar lissafi zai ce hukumar ta ci hasara, don haka rufe ta daidai ne. Mai kallon manufa zai ce ai ba a tambayar makarantar firamare ko asibiti ribar da suka kawo, kuma littafin da aka ba sabon mai karatu ci gaban darasinsa ne. Wahalar NORLA ita ce an ɗora mata aikin makaranta, aka kuma auna ta da mudun kanti. Ba a fayyace tun farko wane kashi na aikinta hidima ce da za a biya daga haraji, wane kashi kuma ciniki ne da zai mayar da kuɗinsa ba. Da giɓin ya yi faɗi, sai duka aikin ya tafi tare, mai riba da marar riba. Shekara shida kacal ta yi, kuma bayanta fitowar sababbin littattafan Hausa ta ja baya ƙwarai na wasu shekaru.

6.0 Kamfanin NNPC da Zamanin Man Fetur

A 1966 aka gwada wata hanya. Kamfanin Gaskiya ya haɗa jari da kamfanin Macmillan na Ingila suka kafa NNPC a Zariya, a matsayin kamfanin kasuwanci. A farkon wannan shekara kuma jaridar New Nigerian ta maye gurbin Nigerian Citizen a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin sabon kamfanin jaridar. Wato an raba gida: littattafai a Zariya, jaridu a hannun Kaduna. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya tafi da Sardauna, a 1967 kuma aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida. Gidan da ya saba da uba ɗaya ya koma yana da iyaye da yawa, ba kuwa wanda ke jin nauyin a kansa shi kaɗai yake.

NNPC ta gaji dukiyar da ba ta sha wahalar tarawa ba, wato littattafan shekarun 1930 da na NORLA. An riga an biya kuɗin shirya su tun tuni, abin da ya rage kawai a sake bugawa. Da Hausa ta zama darasin jarrabawa a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, waɗannan littattafai suka sami kasuwa tabbatacciya. Kuɗin man fetur ya ƙaru bayan 1973, shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, ya fara a 1976, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ba Hausa da Ibo da Yarbanci matsayi a makarantu. Ma'aikatun ilmi na jihohi suka riƙa sayen littattafai da yawa a lokaci guda. Kamfanin ya fitar da sababbin ayyuka kamar Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, daga wannan yalwa kuma ya shirya gasa a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980.

Sai dai in an lura, sunan ne kasuwanci, amma babban mai sayen har yanzu gwamnati ce. Tallafin da a da ake bayarwa kai tsaye, yanzu ta ƙofar ma'aikatar ilmi yake shigowa. Da farashin mai ya fara faɗuwa a 1981, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, jihohi suka rage saye, abin da suka saya ma biya ya zama aiki. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Naira wadda a 1980 ta fi dalar Amurka daraja, kafin ƙarshen 1986 sai da aka ba da kusan naira 4 kafin a sami dala ɗaya, a 1993 kuwa farashin gwamnati ya kai kusan naira 22. Takarda da tawada da kayan gyaran inji galibi daga waje ake sayo su, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin kuma suka durƙushe a shekarun 1990. Masu satar fasaha suka shiga buga littattafan makaranta da aka fi nema suna karya farashi. Manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga sabon adabin Hausa, suka tsaya kan abin da ke cikin manhaja.

Jaridar ma ba ta tsira ba. Gwamnatin tarayya ta karɓe kamfanin New Nigerian a 1975, a 2006 ta mayar da shi ga jihohin Arewa 19. Bashin albashi da na fansho ya yi masa katutu, cikin 'yan shekaru Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa yadda aka saba. Takwarar Zariya ta Afirka ta Gabas kuwa tun 1977 ta watse, lokacin da ƙungiyar haɗin kan ƙasashen uku da ke ɗaukar nauyinta ta rushe.

7.0 Raina Kama: Ƙaramar Ƙungiya da Aljihun 'Ya'yanta

A daidai lokacin da manyan gidajen ɗab'i ke rufe ƙofa, yaran da UPE ta sa a makaranta sun girma, ga kuma matan aure da suka yi karatun manya. Masu karatun da NORLA ta yi ta nema da mota sun samu, amma babu mai buga musu. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kansu, musamman a Kano, suka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Cikin fitattun 'yan Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa.

Wannan ita ce kafa ta huɗu, aljihun marubuci. Tsarin ya bambanta da na Zariya ta kowace fuska. Ƙungiyar ba ta da inji, sai a kai aiki ƙananan maɗaba'u a biya. Takarda mai araha ake amfani da ita. Akan raba labari kashi biyu ko uku, kowane ɗan siriri, yadda mai saye zai iya biya, kuma cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Littattafan 'yan ƙungiya suna ɗauke da tambarinta da jerin sunayen littattafan 'yan'uwa, wato kowane littafi talla ne ga sauran. Rarrabawa kuwa 'yan kasuwa ne suka ɗauka, daga Kano zuwa sauran garuruwan Arewa da Nijar da zangunan Hausawa na wasu ƙasashe. Ga kuma masu ba da haya, inda littafi ɗaya ke zaga gidaje da yawa.

Wannan tsari ya kauce wa tarkon sito, domin ba a buga abin da ba a ga alamar zai shiga ba. Amma yana da nasa rauni. Marubuci yakan ba dillali kaya bashi, ya jira ciniki, in kuɗi ya maƙale sai littafi na gaba ya tsaya. Babu kuɗin ɗaukar mai gyara, shi ya sa kurakuran ƙa'idojin rubutu suka yi yawa, malaman jami'a suka yi ta suka. Ƙungiyar kuma ba ta da wani babban asusu da zai riƙe ta in 'ya'yanta sun juya wani wajen. Haka kuwa aka yi. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar finafinan bidiyo ta bunƙasa a Kano, marubuta da dama, har da wasu jagororin Raina Kama, suka mayar da jarinsu da lokacinsu can. Daga baya wayar hannu da intanet suka zo, labarai suka koma ana karanta su a waya ko ana sauraron su a rediyo, kasuwar ƙananan littattafai ta ja baya.

8.0 Abin da Wannan Tarihi ke Nunawa

Idan aka jera zamunan nan, za a ga kowane ya jingina da kafa ɗaya. Hukumar Talifi da NORLA sun jingina da tallafi, Kamfanin Gaskiya da aikin ɗab'i, NNPC da cinikin makarantu, Raina Kama da aljihun 'ya'yanta. Kowace ta yi ƙarfi muddin kafarta na kawo ruwa, ta kuma raunana da ta ƙafe. Hukumar da ta fi daɗewa cikin kwanciyar hankali ita ce mafi ƙanƙanta, wato Hukumar Talifi, domin abin da take kashewa kowane wata kaɗan ne. Wadda ta fi saurin mutuwa ita ce wadda ta fi saurin faɗaɗa.

Abu na biyu, dukiyar da ta fi amfani a tsawon tarihin nan ita ce littattafan da ake sake bugawa. Injunan 1945 sun tsufa, motocin NORLA sun mutu, amma Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja suna cikin manhajar makarantu shekaru da dama, suna kawo kuɗi ga gidan da ya gaje su. 'Yan watannin da aka ba Abubakar Imam ya zauna ya yi rubutu sun biya kansu ninkin ba ninkin.

Abu na uku ya shafi duk wata ƙaramar ƙungiyar raya harshe ko al'ada, a Kano take ko a Maraɗi ko a zangon Kumasi ko na Wagadugu. Yana da kyau ta san tun farko wane aiki nata hidima ne wanda sai an nemo masa mai biya, wane kuma ciniki ne wanda dole ya mayar da uwar kuɗi, ta kuma raba lissafinsu. Ta ƙidaya kayan da ke sito da bashin da ke waje a matsayin kuɗin da ba ya hannu. Kafin ta sayi inji ko ta kama ofis, ta tambayi kanta wa zai biya kuɗin wata-wata in mai tallafi ya tafi.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin buga littattafan Hausa daga Hukumar Fassara ta 1929 zuwa ƙungiyoyin marubutan Kano, ta nuna cewa sauyin sunaye da hannuwa ya biyo sauyin mai biya ne. Har yanzu ana rubutu da Hausa, watakila fiye da kowane lokaci, kuma wasu kafofi sun ɗauki wani ɓangare na tsohon aikin, kamar jaridar Aminiya da ta fara fitowa a 2006, da gasar Hikayata ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Sai dai aikin da ya fi tsada kuma ya fi jinkirin mayar da kuɗi, wato gyara littafi da kyau, da ƙamus, da littattafan kimiyya, da adana tsofaffin ayyuka, shi ne har yau bai sami tsayayyen mai ɗaukar nauyi ba. Ɗalibin da ya ɗauki littafin Hausa zai ƙaru in ya duba bangonsa ya ga wa ya buga shi, a wace shekara, sa'an nan ya tambayi kansa daga wane aljihu kuɗin ya fito, domin amsar takan bayyana dalilin da ya sa aka rubuta irin wannan littafi a wannan lokaci.